Minista Ya Shiga Ruwa

…kuma igiyar ba tsinkewa ta yi ba. Kwance ta aka yi, a natse, aka naɗe, aka rataye a reshen mangwaro. Inna ba ta son ganin kaya a ƙasa.

Ga shi can, Baba. Karenka, Minista. Tsaye cikin tafkin da muke sha, ruwa har ƙirji, ya lumshe ido kamar mai sauraron rediyo. Ban ga laifinsa ba. Kurkunu in ta tashi fita ƙuna take kamar garwashi, kuma mai ƙuna me zai nema in ba ruwa ba? Tsutsar ta san haka. Ƙafa na taɓa ruwa, ta zubar da 'ya'yanta. Ba ta yi karatu a birnin Sarh kamar ni ba, amma ta fi ni iya aikinta.

Ni kuwa — Ngarlem, jami'in lafiya, riga mai tambari, babur. Ƙauye-ƙauye a bakin kogin Shari: ku ɗaure karnuka, ku binne hanjin kifi, ku tace ruwa. "To, Malam Likita," ka ce, "mun kai ka makaranta, ka dawo mana makiyayin kare. Hanjin nan rabonsa ne, tare muka shiga kwalekwale." Ka jefa masa. A gabana. Ya cafe tun kafin ya kai ƙasa…

Jiya, muna dawowa daga binne ka, Inna ta tare ni: "Ba a ɗaure karen mamaci, Ngarlem. Wa zai raka kurwar ubanka bakin ruwa? Kai, da babur ɗinka?" Na yi wa Inna bayani. Na iya bayani, har da zane nake yi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in ci tuwo kada ya huce.

Cutar da manya ke cewa saura ƙiris ta ƙare a duniya. Ƙiris ɗin ne ke wanka a gabana.

Yau dai ruwan ba ya cutar da kowa. Halinta ke nan, ba ta gaggawa. Sai baɗi war haka — ƙafar wa? Solkem 'yata da tafin hannu take sha in an taso su daga makaranta, na hana, na hana… Ƙyallen tace ruwa kuma Inna ta rufe tulun burkutun 'yan makoki da shi. Ya yi daidai da bakin tulun, gaskiya.

Tabon idon sawunka. Daminar da ka kwanta, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, ciyawa ta cinye gona, muka koma cin ganye. Warin ɗakin nan. Kai ka manta, ko kuwa kawai ba ka son a tuna?

In na kira ofishinmu na Sarh, gobe mota ta zo, a zuba magani a tafki. A tambaya, cikin ladabi, wa ya kwance kare. A ɗaure shi tsakar gida, gaban dangi, ya yi ta kuka, Inna ta yi ta kallona: ɗan da ya bar ubansa a hanya. In ban kira ba — shiru. Shekara guda cur ta zaman lafiya. Akwai waɗanda ba su taɓa samun ko wannan ba.

Minista ya fito. Ya girgije jikinsa, a rigata mai tambari. Tsutsar, kamar farin zare, na reto a ƙafarsa ta baya. Ya zauna, ya miƙo wuya — duk gidanmu shi kaɗai ne ba ya gardama da ni.

Mata sun taho da bokitai, Solkem a cikinsu. Igiya a hannuna, waya a aljihu. Zan kira. Zan ɗaure. Na san abin da na sani.

Sai dai ya juya kai wajen kogi, yana kaɗa wutsiya ga inda babu kowa…

Baba, ka isa ne, ko da saura?