Kwana Tara a Jinin Gado

Duk wanda ya yi jinya a ɗan asibitin nan na Ƙauran Namoda, tun Zamfara tana cikin Jihar Sakkwato, ya san Malam Sodangi mai awon jini. Siririn mutum ne, tsabta ta yi masa yawa har ta zama abin tsokana. Aikinsa shi ne ya tsaga yatsa, ya shafa ɗigon jini a ɗan gilashi, ya zuba masa rini, ya ɗauraye, ya leƙa a madubin awo ya ga ko akwai ƙwayar zazzaɓin sauro. Shekara ashirin yana wannan leƙe, kuma abin da yake taƙama da shi a duniya ɗaya ne, ba a taɓa dawo masa da gilashi an ce da datti ba.

A damunar 1983 aka kawo taubashinsa Gado, ɗan kawunsa, direban babbar mota mai jigilar gero da dawa daga Shinkafi da Zurmi zuwa tashar jirgin ƙasa. Taifot ce ta huda masa hanji. Likita Mainasara ya yi masa aiki, aikin ya yi kyau, aka ɗaura masa ƙarin ruwa ana ta ɗura masa allurai ta jijiya. Ya yi mako biyu a haka, har ya fara zama yana damun ma'aikatan jinya da surutu, sai zazzaɓi ya dawo ya ƙi sauka. Likita ya rubuta takarda a duba masa ƙwayar sauro.

Ranar Laraba Sodangi ya je ɗaukar jinin da kansa. Gado ya rame, amma bakin nan yana nan.

"Kai bawana," in ji shi, "kada ka kuskura ka haɗa jinina da na talakawa. Jinin sarauta na."

"Sarautar giya biyu da birki? Miƙo yatsa, malam."

Wasa ne, amma Sodangi ya ɗauka da gaske a zuciyarsa. Kowa ya san yadda muke, in naka ya zo wurin aikinka ba ka sa shi a layi, sai ka yi masa abin da zai san yana da mutum. Gilasan gama-gari wanke su ake yi a sake amfani da su, ruwan ɗauraya kuma na famfo ne da aka tace. Sodangi kuwa yana da ajiya a can ƙuryar kabad: kwalin sababbin gilasai, da 'yar kwalbar rini mai kyau, da kwalbar tataccen ruwa. Ya bari sai da ya gama da kowa, ya share tebur, sannan ya yi na Gado shi kaɗai.

Da ya leƙa, babu ƙwayar sauro. Amma tsakanin jajayen ƙwayoyin jini ga wasu 'yan abubuwa masu siffar ƙwai, sun sha rini sun yi duhu, wasu da ɗan ƙari a gefe kamar gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Ya san su. Ƙwayoyin fumfuna ne, dangin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Tun yana koyon aiki malaminsa ya nuna masa su ya ce wannan shaidar ƙazamin ma'aikaci ce, ruwansa ya daɗe ko rininsa ya lalace. Kunya ta kama Sodangi shi kaɗai a ɗaki. A ce a jinin Gado, da ya fi ba kulawa, datti zai fito? Ya ɗora laifin a kan kwalbar ruwan, ai ta shekara a kabad. Takardar likita ƙwayar sauro ta tambaya, don haka ya rubuta ba a gani ba, ya jefa gilashin a ruwan wanki.

Ranar Asabar aka sake aiko takarda. Ya tafasa ruwan, ya tace, ya sake ware na Gado. Suna nan, har sun ɗan ƙaru. Ya ce to gilasan ne, damuna ta shiga kwalin. Ranar Talata ya goge gilashi da sinadari har yana ƙara, suka sake fitowa, ya zubar da rinin nan mai tsada yana tsaki. Sau uku yana rubuta gaskiyar da aka tambaye shi yana ɓoye wadda ba a tambaya ba. Ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa abin daga jinin yake ba, domin bai taɓa jin an ce fumfuna ta shiga jijiyar mutum mai rai ba, kuma domin ya shagala da wanke kansa. Likita yana ta sauya allurai, Gado yana ta lalacewa. Indo matarsa tana zaune a gindin gado tana jiƙa tsumma tana shafa masa a goshi, shi kuwa surutun ma ya daina.

Ranar Juma'a aiki ya yi wa Sodangi rubdugu. Zazzaɓin damuna ya kwaso mutane daga ƙauyuka, gilashi talatin da wani abu, ga masallaci yana jira. Babu lokacin alfarma. Ya shafa jinin Gado a tsohon gilashi, ya jera shi cikin goma sha biyun farko, rini ɗaya, ruwa ɗaya. Ya duba na ɗaya, fes. Na biyu, ƙwayar sauro. Haka har na takwas, wanda yake na Gado, sai ga su cunkus, wasu har a cikin fararen ƙwayoyin jini. Ya duba huɗun da suka rage, babu ko ɗaya.

Da tun ranar farko ya sa Gado a layi kamar kowa, da tun ranar ya gane. Ya ɗauki gilashin ya nufi ofishin likita, bai ko tsaya sa takalmi daidai ba.

Likita Mainasara ya biyo shi ya leƙa madubin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan a jininsa take," ya ce. "Ta robar ƙarin ruwa takan shiga, ga alluran da muke ba shi sun share mata fili. Allurarmu ba ta taɓa ta. Malam Sodangi, idonka da kaifi. Yau ka fara gani?"

"Yau na tabbatar, likita."

Likita bai lura da amsar ba, hankalinsa ya riga ya tafi. Ya sa aka cire robar nan take aka sauya hannu. Maganin kuwa babu shi a Ƙaura, babu a Gusau, sai Zariya, can ma sai an bi ta hannun wani abokin karatunsa. Usmanu, abokin tuƙin Gado, ya karɓi wasiƙa ya tafi a ranar ko gida bai biya ba. Likita ya ce wa Sodangi a hankali, da mako guda suka samu da ya yi wa Indo alkawarin mijinta zai tashi, amma yanzu ƙodarsa ta fara gajiya, sai addu'a.

Gado ya cika ranar Lahadi da hantsi. Aka kai shi garinsu Dauran. Usmanu ya iso da kwalaben magani cikin ƙanƙara bayan la'asar, ya tarar ana dawowa daga maƙabarta.

Sodangi ya zauna makoki yana karɓar gaisuwa, kowa ya zo sai ya yaba masa, an ce shi ya gano cutar da ta gagari likita. Kowane yabo sai ya ji kamar an ɗora masa dutse. Ya ƙudura zai tafi da maganar kabarinsa, tunda faɗinta ba zai ta da Gado ba.

Ranar bakwai Indo ta aiko a kira shi. Ya tsuguna a ƙofar ɗakin da take takaba, tana ciki ta lulluɓe, muryarta ta dushe.

"Malam, wata magana ta hana ni cin abinci. Kai ka san aikin, ka gaya min tsakaninka da Allah. An ce abin da ya kashe shi irin abin da ka sa ƙullu tsami na. To ni ran Talata na ba shi hura a ɓoye. Sun hana, amma shina ta roƙona, na dama da nono na ba shi ludayi ukku. Ran Juma'a sai anka ga abin cikin jininai." Ta fashe da kuka. "Ni na kashe shi, ko?"

"Indo, ba hurarki ba ta."

"Lallashina kakai. Kowa haka zai ce. Ta yaya ka sani?"

Ya duba ƙasa. Ya nemi wata hanyar da zai fitar da ita daga wannan azaba ba tare da ya shiga ba, ya rasa. Matar nan za ta rayu tana ganin hannunta ne, alhali shi ya san hannun wane ne.

"Na sani don na gani tun kahin ki ba shi. Tun waccan Laraba abin na cikin jininai. Na ɗauka dattin kayan aikina na, na ji kunya, ban hwaɗa ma likita ba."

Kukan ya tsaya. Ya ji tana lissafi a hankali, tana ambaton kwanakin ɗaya bayan ɗaya, daga Laraba zuwa Juma'ar sama.

"Kwana tara," ta ce.

"Tara."

Can ta ce, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi:

"Kullum in na ce mai mu nemi mota mu tai Zariya, sai shi ce in kwantar da hankalina, Sodangi na duba mai."

Ta miƙo hannu ta saki labulen ƙofar.