Wayar Iska a Gidan Goro

Kwana tara ke nan da Issaka ya shiga jirgin ruwa a tashar Sakunde da huhun goro arba'in, zai kai Ikko. Tafiyar ba ta wuce kwana uku. Har yau babu labari, sai raɗe-raɗi a unguwarsu ta Zongo.

Matarsa Hajaratu ta daina zuwa kasuwa, don ta gaji da yadda mata ke yin shiru in ta iso. Bayan la'asar takan zauna a ƙofar ɗakin ƙanenta Muniru, ma'aikacin gidan waya. Shi ya harhaɗa akwatin wayar iska, wato rediyo, da hannunsa, ya ja doguwar waya daga rufi zuwa bishiyar mangwaro, ya kafa ƙarfe a ƙasa. Ya ce a gajeren zango ana jin jiragen teku suna ƙwanƙwasa wa juna saƙo.

Amma yau ya cire abin sauraro daga kunnensa, ya yi tsaki.

"Yaya, kowa na magana lokaci guda, kamar bakin famfon unguwar Aboabo. Ga kuma wani shuuu da ban san daga ina ba."

Ta leƙa tsakar gida. Zannuwa biyar jiƙaƙƙu na lilo a kan wayar.

"Azumi! Wa ya ce ki yi shanya a nan?"

Maƙwabciyar ta ɗago daga wankin goro. "To, igiya ce mai kyau, tana zaune banza. Ko aljanun Muniru ba sa son wanki?"

Hajaratu ta kwashe zannuwan, sannan ta ɗebi ruwa ta kwarara a gindin ƙarfen, don Muniru ya taɓa cewa busasshiyar ƙasa tana toshe ji.

Da ta dawo, ya rufe ido yana murɗa maɓalli a hankali. Sai ya ɗauki fensir. Ya rubuta haruffa huɗu, ya sake rubuta su, ya kuma sakewa.

"Ya washe?" in ji Hajaratu.

"Ya washe."

"To me suke cewa?"

Bai dube ta ba. "Lambar jirgin su Issaka ce. Jirage uku ke kiransa."

"Shi fa?"

"Sukan kira, su yi shiru, su jira. Sai su sake kira."

Hajaratu ta tsaya tana kallon fensirin. Bai motsa ba.

"Wataƙila muryarsa ce ƙarama," ta ce. "Kada ka cire daga kunnenka."

Ta ɗauki bokiti ta koma gindin ƙarfen. Ƙasar ta riga ta zama taɓo, amma ta ci gaba da zubawa.