Tayoyin da Baba Ya Ɓoye

Warin sabuwar roba ne ya tona wa Baba asiri. Ranar Talata da hantsi Auta ya shiga ɗakin Mama neman cajar waya, hancinsa ya ja shi har bayan kabad ɗin kaya. Yana yaye wani tsohon zanin gado sai ga tayoyi biyu sababbi fil, an jingine su da bango, sun yi tsuru-tsuru.

"Mama, baƙi kika yi shi ne ko ruwa ba ki ba su ba?"

"Rufe min baki, ɗan nema," in ji Mama daga bakin ƙofa. "Na Yayarka ne. Babanku ya ce ranar Asabar zai ba ta, kuma duk wanda ya riga shi faɗa sai ya cire masa kunne. Kwana biyu ke nan ina fama da warin nan, har filona ya ɗauka."

Yaya ita ce babba a gidan, nas ce. An mayar da ita wani asibiti can cikin duwatsu, tafiyar awa biyar, ranar Lahadi za ta tafi. Don haka ne ma ta sayi mota ta hannu, irin mai ja da ƙafa huɗu. Motar lafiyarta ƙalau, sai dai tayoyin gaba sun yi sanƙo, har Auta ya ce da su da kan Baba ba a san wa ya riga wani ba. Na bayan kuma sun ci rabi.

Shi kuwa Baba, shekara talatin da biyu ya yi yana jan babbar mota, har idonsa ya raunana likita ya ce ya ajiye sitiyari. Ya ajiye, bai yi gardama ba, amma ya yi wata guda shiru, ba ya dariya. Abin da ya dawo da shi cikin mutane taya ce. Babu tayar da ke shiga layin nan sai ta bi ta hannunsa, daga ta maƙwabta har ta baron zubar da shara. Zai tsuguna, ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya ce "wannan ta yi" ko "mayar musu da kayansu", shi ke nan magana ta ƙare. Abin da ya rage masa ke nan, kowa a gidan ya sani.

Auta ya ɗauki hoton tayoyin ya nufi shagon Mai Taya da ke bakin titi. Ajinsu ɗaya a makaranta, benci ɗaya, bulala ɗaya. Niyyarsa kawai ya tsokane shi.

"Kai, mugu! Ka sayar wa ubana taya mai haƙora kamar na kada, ko sannu ba ka aiko min ba."

Mai Taya ya karɓi wayar yana dariya. "Ai Baba da kansa ya zaɓa. Lamba kawai ya kawo min a takarda, ya ce biyu yake so, masu cizon ƙasa. Wace mota ce?"

"Ta Yaya."

Dariyar ta tsaya cak. "Wacce? Farar nan mai ƙafa huɗu?"

"Tana da wata ne?"

Mai Taya ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya goge gumi da gefen riga. "Auta, akwai matsala. Wannan motar ba a sa mata biyu. Injinta duka ƙafa huɗun yake juyawa lokaci ɗaya. Ka sa sababbi masu tudu a gaba, tsofaffi a baya, to na gaba sun fi na baya girma. Ƙananan za su riƙa gudu suna neman kamo manyan, abin da ke raba musu ƙarfi a tsakiya yana ta wahala, yana zafi, har ya ci kansa. Wata rana a tsakiyar hawa sai ta ce ga garinku. Huɗu ake sawa, iri ɗaya, zane ɗaya."

"To sai ka gaya masa ranar Asabar."

"Ni? Mutumin da ya koya wa babana ɗaure noti? Ka rufa min asiri. Ubanka ne, kai ka gaya masa."

To fa. Auta dai ba a taɓa kama shi da rashin magana ba. Shi ne ya taɓa yi wa mai gadin banki surutu har mutumin ya ba shi kujerarsa don ya huta da shi. Amma wannan magana guda ɗaya ta gagare shi faɗa.

Ranar Laraba ya sami Baba a tsakar gida yana gyaran rediyo. Ya durƙusa, ya ce, "Baba, dama game da motar Yaya ne." Baba ya ɗago, fuskar nan ta washe, ya kashe masa ido ɗaya ya sa yatsa a baki. Auta ya ji kansa yana cewa, "Dama cewa zan yi tana son wanki." Ya ɓuge da wankin mota har la'asar.

Ranar Alhamis ya gwada ta hannun Mama. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce, "Ni me na sani a taya ban da wari? Amma ka ji, Auta, kada ka karya min zuciyar mutumin nan. Kada kuma ka bari 'yata ta hau hanya da abin da zai tsayar da ita a daji."

"Mama, ai kin ɗaure ni ta gaba da baya."

"Kai ne mai wayon. Kwance kanka."

Yaya kam, Auta bai ko yi gigin gaya mata ba. Ya san halinta. Za ta sa tayoyin haka nan don kada ran Baba ya ɓaci, ta tafi tana addu'a.

Asabar ta zo. Da safe Baba ya yi wanka, ya sa sabuwar hula, ya sa Auta ya gangaro da tayoyin har tsakar gida. Yaya ta dafe ƙirji.

"Baba! Duk ni kaɗai?"

"Sababbi a gaba, inda sitiyari da birki suke," in ji Baba, yana shafa ɗaya kamar kan jika. "Na baya su bi sahu. Dubi haƙoran nan. Dutse ya gan su sai ya kauce."

Yaya ta share ido da gefen mayafi. Auta ya cusa tayoyin a but ɗin motar.

A shago Mai Taya ya gaida Baba har ƙasa, ya kawo masa kujera, sannan ya shiga neman jak kamar wanda ya manta inda yake ajiye shi. Ya duba ƙarƙashin benci, ya duba bayan ƙofa, jak kuwa ga shi nan a gabansa. Yana yi yana zabga wa Auta harara. Da dai ya ga ba mafita, ya ja jak ɗin ya tura ƙarƙashin motar. Gaban motar ya fara ɗagawa.

Auta ya tsuguna kusa da kujerar Baba.

"Baba, wai ni tambaya. Lokacin da kake jan babbar mota, tagwayen tayoyin nan na baya, idan ɗaya ta fashe, sabuwa kake sa wa kusa da tsohuwa?"

Baba ya juyo gaba ɗaya. "Wane mahaukaci? Kai, kada ka sake faɗar wannan a gaban mutane, a ce ni na haife ka. Tagwaye dole su zo daidai. Idan ɗaya ta fi tudu, ita kaɗai za ta ɗauki kayan, ta yi zafi ta fashe, 'yar'uwarta kuma tana jan ƙasa tana cinyewa. Da igiya nake aunawa. Na taɓa korar wani mai faci daga ƙarƙashin motata saboda haka."

"To Baba," in ji Auta, "ita wannan motar ta Yaya, duka huɗun tagwaye ne. Inji ɗaya ke jan su tare."

Mai Taya ya saki hannun jak ya kama kallon rufi. Yaya ta dubi Auta, ta dubi Baba.

Baba ya miƙe tsaye. Ya cire sabuwar hular ya miƙa wa Yaya. Ya ja kwali ya shimfiɗa, ya kwanta rigingine, ya tura kansa ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Auta yana jin numfashinsa, yana jin yadda yake ƙwanƙwasa ƙarfe da zobe. Minti biyun nan sun fi masa ranar wankin mota tsawo.

"Sandar ƙarfe ta shiga ƙafar gaba," muryar Baba ta fito daga ƙasa, kamar da kansa yake magana. "Ga wata ta tafi baya. Iko sai Allah." Sai ya ɗaga murya. "Kai, Mai Taya, ba ni igiya."

Ya fito da ƙura a bayan riga. Ya sa aka ɗaura sabuwa ɗaya a kan rim aka ba ta iska, aka ɗaga bayan motar. Ya zagaya sabuwar da igiya ya ƙulla alama, ya zagaya tsohuwar ta baya. Igiya ta yi rara, faɗin yatsa biyu har da ɗoriya. Ya daɗe yana kallon rarar nan a tsakanin yatsunsa.

Auta ya shirya wa komai. Ya shirya wa faɗa, ya shirya wa Baba ya karɓi hularsa ya kama hanyar gida a ƙafa. Abin da ya fi tsoro shi ne shirun nan na wata guda ya dawo.

Baba ya juya wajen Yaya. "Ke, wai hanyar nan taku, laka ce ko kwalta?"

"Kwalta ce, Baba, har ƙofar asibiti. Sai dai kwana-kwana da gangara. Kuma an ce ruwa ba ya sallama, yanzu rana yanzu ruwa. Da asuba sanyi da hazo, titi ya yi santsi."

"Kwalta." Ya girgiza kai. "Ni da na ji duwatsu sai na ga irin hanyoyinmu na da. Ban ko tambaye ki ba. Waɗannan haƙoran a jiƙaƙƙen kwalta ban da kuka ba abin da za su yi miki, birki ma sai ya yi nisa kafin ya kama." Ya nuna Mai Taya da igiyar. "Kai kuma, ka sayar min ba ka tambaye ni mota ba."

"Tuba nake, Baba."

"Fito min da na kowane yanayi. Masu jure ruwa da rana da sanyi. Huɗu-huɗu. Kada ka kawo min 'yan uba, 'yan ɗaki ɗaya nake so."

Mai Taya ya shige ciki da gudu har yana tuntuɓe. Iri uku ya gangaro da su. Baba ya tsuguna, ya kusantar da fuskarsa saboda idon. Na farko ya danna da babban yatsa ya ce robar ta yi tauri, da sanyin asuba sai ta koma katako. Na biyu ya yaba zanensu, amma ya sa Auta ya karanta masa 'yan lambobi huɗun nan na gefe masu nuna mako da shekarar da aka yi taya. Uku sa'o'in juna ne, ta huɗu ta girme su da shekara biyu.

"Wannan yayarsu ce, ta tsufa a shago. Mayar."

Na uku ya sa ɗan yatsa cikin manyan kwaruruwan da suka zagaye tayar. "Nan ruwa zai bi ya fita." Ya shafa ƙananan tsage-tsagen da ke saman. "Waɗannan kuma su ke kama titi idan ya yi santsi. Auta, lamba."

Auta ya karanta. Duka huɗun mako ɗaya, shekara ɗaya.

Baba ya ƙwanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe yana dafe da gwiwa. "Waɗannan sun yi."

"Baba, waɗancan biyun fa?" in ji Yaya a hankali. "Kyautata ce fa."

"Na wani manomi ne, yana nan tafe da akori-kurarsa. Ke riƙe min hula da kyau, kina murƙushe ta."

Yadda aka yi musayar kuwa, Baba da Mai Taya suka shige ciki suka ja ƙofa, ba wanda ya ji. Da suka fito, Yaya ta tsallaka titi sayo musu ruwan sanyi, Mai Taya ya duƙufa kan aiki, aka bar uba da ɗa a benci.

"Tun yaushe ka sani?" Baba ya tambaya, idonsa na kan motar.

"Talata."

"Talata. Ka bar ni na yi wanka, na sa hula, na yi jawabi a tsakar gida."

"Jawabin ya yi daɗi, Baba. Wajen dutse ya kauce ɗin nan har tsigar jikina ta tashi."

"Zan ci mutuncinka." Amma gefen bakinsa ya motsa. "Me ya hana ka faɗa? Duka kake tsoro, da gemunka?"

Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar. "Tsoro na ji kada ka ce daga yau ba ka ƙara zaɓar wa kowa taya."

Baba ya sa hannu ya kama ƙeyar Auta, ya ɗan girgiza ta, bai sake ba. Hannun da nauyi, da ɗumi, da warin roba.

Sai ya zabura ya miƙe. "Kai! Kai, Mai Taya! Wa ya koya maka bin noti a jere kamar mai ɗinki? Ɗaure ɗaya ka tsallaka ɗaya! Kwance su duka. Auta, taso ka riƙe masa, ni zan faɗa muku wanda ke bi."