Tururuwa a Zanen Gadon Dunƙule

Mai guga ba ta raina tabo. Shekarunta a ɗakin wanki na otal sun koya mata cewa kowane zane da abin da yake ɓoyewa, kuma ita ba a yi mata rufa-rufa. Shi ya sa ranar da ta dawo aiki ta tarar da zanen gadon 'yarta, wanda ta shanya da safe ba ta samu wankewa ba, ya ƙandare kamar an ba shi sitati, ga tururuwa sun ja layi a kansa, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu. A saninta fitsari ba ya kiran tururuwa, zaƙi ke kiransu. To wa ke ba yarinyar nan alewa har take ɓoyewa a gado?

Dunƙule ake ce wa yarinyar, don tun tana goye kumatunta ke riga ta shiga ɗaki. Yanzu shekararta bakwai, lakabin ya koma kamar zolaya, siket ɗin makaranta ma sai an kama shi da fil. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. In an tashi makaranta gidan Gwaggo take wuni, wato yayar mijin mai guga, har uwar ta taso aiki. Kullum da safe ana cika mata kula da abinci, amma da yamma sai ta dawo ta faɗa wa tukunya kamar ba ta taɓa ganin abinci ba. Ruwa kuwa kofi na bin kofi. Ga fitsarin kwance, da ta bari tun kafin ta shiga makaranta, ya dawo sabo.

Mai guga ta haɗa wannan da wancan, biri ya yi kama da mutum. Gwaggo tana da yara uku masu ci kamar gara. Abincin kula cikinsu yake tafiya, tata kuwa a toshe mata baki da alewa. Fitsarin kwance kuma, ta taɓa ji a wurin aiki, tsoro ne ke kawo shi. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Da ta zo yi wa Dunƙule wanka sai ta bi bayanta da cinyoyinta da kallo, tana neman shaidar bulala. Ba ta ga komai ba, abin ya ƙara mata haushi, don hakan ya nuna mai dukan ta iya.

"Me kika ci gidan Gwaggo?"

"Abincina. Da ƙari."

"Da ƙari? Wa ya ce ki ce haka?"

"Mama, ruwa."

"Babu. Kin sha na yau har da na gobe. Ni na gaji da shanya katifa."

Ta ɗora tulun roba can saman kabad inda hannun yarinya ba ya kaiwa. Sannan ta kira mijinta, direban babbar mota, wanda muryarsa ta fi fuskarsa zama a gidan.

"Yayata ce fa," ya ce. "Ita ta raine ni."

"Shi ya sa ka fito kamar tsinken tsintsiya."

Ya yi dariya, ya ce zato zunubi, layin ya yanke. Ita ba ta yi dariya ba.

Washegari da rana ta kashe dutsen guga, ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata tebur, ta fita. So take ta kama ɓarawo da hannu a cikin kula. A matattakalar benen su Gwaggo ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta tura ƙofa, sallamar ma sai da ƙafarta ta shiga ta yi ta.

Yaran Gwaggo suna gefe suna cin burodi gaya. Kular tana tsakiyar ɗaki a buɗe, cike, ba a taɓa ba. Gwaggo kuwa tana zaune a ƙasa, Dunƙule na kwance da kai a cinyarta, ga roba a kusa da alamar amai. A bakin taga an rataye wandon yarinyar, tururuwa na hawa da sauka a kansa.

Gwaggo ta kalli takalman da ke hannunta, ta kalli fuskarta.

"Gara da kika zo, Maman Dunƙule. Na daɗe ina haɗiye maganar nan don kada a ce dangin miji sun sa ki gaba. Me kike ba yarinyar nan a gidanki?"

"Ni za ki tambaya, Yaya? Ni na zo tambaya."

"Ta cinye nata, ta cinye nawa, kullum tana ƙara zubewa. Na ce lallai daga nan sai nan take ganin abinci. Wando kuwa tana jiƙa shi da rana tsaka. Ni ke wankewa in busar kafin ki iso, don ban san irin hannunki ba."

"Hannuna? To alewar fa?"

"Wace alewa? Ni na zaci ke kike cika mata aljihu da ita maimakon girki. Dubi tururuwa!"

Mai guga ta ajiye takalman a ƙasa. Ba wai ta yarda ba ne. Mai wayo ma ai haka zai yi, ya riga ka kai ƙara. Amma da ta durƙusa ta taɓa yarinyar, sai ta ji leɓenta a bushe, numfashinta na fita da ƙarfi daga can ciki, yana wari kamar 'ya'yan itacen da suka fara lalacewa. Ta kira ta, idon ya buɗe da ƙyar. Nan tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

A cikin tasi kowacce ta riƙe gefe guda na yarinyar, suna satar kallon juna.

Nas ɗin asibiti ba ta da lokacin shari'a. Ta tambaya ko tana yawan shan ruwa, su biyun suka ce e. Fitsari fa? Uwa ta ce da dare, Gwaggo ta ce da rana, kowacce ta juyo ta dubi 'yar'uwarta. Tun yaushe take ramewa? Nan ma kowacce da rabin labari a hannunta, wanda ta ɓoye wa ɗayar. Nas ta goge ɗan yatsan Dunƙule, ta huda shi da 'yar allura, ta ɗiga jini a wani siririn tsinke da ke maƙale a ƙaramar na'ura. Ta sa aka tari fitsari a kofi, ta tsoma wani tsinken, kansa ya sauya launi. Daga nan ta daina hira, ta fita da sauri ta dawo da likita.

"Sukarin jininta ya hau sosai," in ji likita. "Alamu sun nuna ciwon sukari ne irin wanda ke kama yara. Za mu kwantar da ita yanzu, a sa mata ruwa, a ƙara gwaji. Allah Ya taimaka ba ku bari sai gobe ba."

"Alewa ce ta jawo, ko likita?" Mai guga ta tambaya, wutsiyar idonta na kan Gwaggo.

"Ba alewa ba ce, ba kuma yunwa ba. Jikinta ne ya daina yin sinadarin da ke sarrafa sukari, shi ya sa yake zuba ta fitsari. Babu wanda ya jawo mata. Ƙishirwar nan ma jikin ne ke neman tsira."

Sai tulun roba ya faɗo wa mai guga a rai, can saman kabad. Ta zo neman mai laifi, ta shirya masa magana har da ƙari, ga shi babu kowa a wurin sai ita da kunyarta.

Bayan an ɗaura wa yarinyar ruwa likita ya dawo. Ya ce in gwajin ya tabbata, allura za ta riƙa sha kullum, har da ta rana, kuma sai an iya auna jinin. "Wa ke tare da ita in ta taso makaranta? Dole shi ma ya koya."

Gwaggo ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗauki jakarta.

"Sai ta kawo muku wadda ta yarda da ita. Ni da aka shigo wa gida da takalmi a hannu?"

Mai guga ta kama bakin mayafin. Ta riƙe shi gam.

"Yaya, zauna. Don Allah." Ta juya wurin likita. "Ita ce. Mu biyu za ku koya wa."

Gwaggo ba ta zauna ba, ba ta kuma fizge mayafin ba. Suna nan a haka Dunƙule ta motsa.

"Mama, ruwa."

Mai guga ta dubi nas. Nas ta ce a jiƙa mata leɓe kawai tukuna. Uwar ta ɗauki kofin ruwa, ta tsoma yatsu a ciki. Gwaggo ta ajiye jakar a ƙasa, ta zagayo ta tallafo kan yarinyar.