Tafin Hannun Baba

'Yar Baba ba ta cika baki sai a kan abu ɗaya: fentin da take gasa wa ƙarfe a tanda. Duk wanda ya shigo shagon sai ta miƙa masa makulli ta ce, "Karce." Mutum ya yi ta gurzawa har ya yi gumi, makullin ne ke shan wuya.

Shi ya sa ranta ya ɓaci ƙwarai da kamfanin motocin haya ya dawo mata da sandunan ƙarfen da fasinjoji ke riƙewa. Fentin ya ɗaye, amma wuri guda a jikin kowanne, daidai tsakiya, faɗin tafin hannu.

Ta duba tanda, lafiya lau. Washegari ta kama ɓarawon da idonta. An wanke ƙarafa an rataye su kafin feshi, sai ga mahaifinta yana bin layi yana damƙar kowanne. Shi ya kafa shagon da walda, amma tun da idonsa ya raunana da hannu yake duba aiki. Fenti kuwa ba ya zama a kan maiƙon hannu, komai ƙanƙantarsa.

"Yaya, a ce masa ya huta a gida kawai," in ji ƙaninta.

"Allah ya kai mu naka tsufan," ta ce. Ta san zagayen nan na safe shi kaɗai ya rage wa tsohon, in an raba shi da shi an gama da shi.

Ba ta yi kwana-kwana ba. "Baba, hannunka ne ke ɗaye mana fenti."

"Hannun da ya gina wurin nan?" in ji shi.

"Shi fa. Daga yau ka duba walda kafin wanki. In sun fito daga tanda sun huce kuma, kai ne mai karcewa." Ta danƙa masa makullin.

Da sababbi suka fito, Baba ya gurza da iya ƙarfinsa, sannan ya shafa wurin a hankali yana neman tabo. Sumul.

"Ja'ira," ya ce yana dariya, "kin yi abin da ya fi ƙarfina."

Ta miƙa hannu ta karɓi makullinta. Baba ya jefa shi a aljihu, ya kama sanda ta gaba.