Littattafan da Mero Ta Ɗaga Sama

Ni Barau dillalin masara ne a kasuwar Kankara. Boko aji biyu na yi na gudu. Amma na shiga gidaje daga Funtuwa har Kaduna, na kuma lura da abu guda: gidan da yara ke cin jarrabawa, littafi za ka gani a yashe ko'ina, har kan tabarma.

Da aka ce jikata Ikhlas za ta zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, ban yi shawara da kowa ba. Na je Funtuwa na ciko buhu da littattafai, na dire wa matata Mero, don a hannunta yarinyar take tun rasuwar uwarta. Na koma harkata.

Rannan Malam Nasir, malamin ajinsu, ya tare ni a bakin tasha.

"Alhaji, ka ce ka sayo mata littattafai? Har yau in tambaya ta wuce abin da na rubuta a allo, sai ta tsaya kamar jaki a bakin rafi. Jarrabawa kuwa ta ƙarato."

Motar masarar da nake jira ma ban tsaya mata ba. Na nemi ɗan kabu-kabu ban samu ba, na taka gida da ƙafa, ina tafe ina tsaki.

"Mero! Ina littattafan yarinyar nan?"

Ta nuna mani saman kabat. Ga su can, an naɗe su da farin ƙyalle, an jera kusa da Alƙur'anin mahaifinta.

"Mi ya kai su can?"

"Ina kake so in aje su, Malam? A ƙasa na tarar ta baza su, kaji na bi ta kai. Rubutu ne fa. Wa ya san inda sunan Allah yake a ciki? Na ce in tana so ta yi alwala in sauko mata da ɗaya, ta karanta ta maido."

"Ke kuma kika yi shiru?" na ce da Ikhlas.

"Tsoho, kai ka iya musu da ita? Kullum sai ta ce hannuna da manja."

Na zauna, na tashi, na sake zama. Faɗa da Mero a kan ladabi ɓata baki ne. Sai na taka turmi na jawo ɗaya, na miƙa wa yarinyar.

"Karanta wa kakarki, ki fassara mata."

Ta buɗe tsakiya, tana yi tana cijewa. Wai macen sauro ce ke cizo, a kwatami take ƙwai, ga hotonta nan an buɗe mata ciki.

Mero ta leƙa. Ta ja da baya.

"Sauro? Sauro na naɗe da ƙyallen Makka na kai kusa da Alƙur'ani?"

Da kanta ta hau turmin, tana sauke su tana istigfari. Na kwaɗi ya fito, na tsutsar ciki ya fito.

Ikhlas ta duƙufa, amma lokaci ya ƙure. Ba ta ci ba. Na yi ta sintiri wurin Malam Nasir har ya yarda ta maimaita aji, ta sake gwadawa baɗi.

Jiya na dawo na tarar Ikhlas na karatu, Mero na tsintar shinkafa, tana cewa, "Ɗaga murya, 'yar nan. Ita tsutsar ta ina take shiga?"