Kunnen Baba da Tsaba Uku

Shekara arba'in Baba yana kan kujera guda a shagon zinare, da ɗan dutsen marmara a gabansa. Wasu sai sun goga, sun ɗiga ruwan gwaji, sun ɗora a sikeli. Shi kuwa sakin tsabar zinare kawai yake yi a kan dutsen, ya karkata kai. Ta gaske amonta daɗewa yake yi, jabu kuwa ƙwas, nan take ya mutu.

To, abin da ba wanda ya sani, kunnen nan ya shekara da tafiya. Magana yana tsintarta a leɓen mutane, amma amo? Ko ɗis. Fuskar mai kawo kaya yake karantawa, asiri a rufe, sai makon jiya da wata tagulla mai ruwan zinare ta wuce shi salin-alin.

Da safen nan babban ɗansa, wanda shagon ke hannunsa yanzu, ya tura ƙofa ya jera tsaba uku.

"Baba, ɗan duba mana waɗannan."

Ɗan duba, wai! Baba ya san jarrabawa ce. In ya faɗi, kujera ta tafi, sai zaman gida da kallon bango.

Ya saki ta farko. Shiru. Ta biyu ma shiru. Yana ɗaukar ta uku sai ya ga ɗan yana sosa ƙeya, yadda yake yi tun yana ƙarami in ya saci sukarin uwarsa.

"Wannan jabu ce."

Ɗan ya yi ajiyar zuciya, har da ƙwalla. "Ai na faɗa wa masu tsegumi! Wallahi na ce kunnenka ƙalau yake!"

Murnar nan ce ta karya wa Baba zuciya. Bawan Allahn nan zai ci gaba da sayen duk abin da uban ya ce na gaske ne, ido rufe.

Ya tura dutsen gaban ɗan. "Sosa ƙeyarka na gani. Shekara guda ke nan ban ji amon komai ba."

Ɗan ya dubi dutsen. Sannan ya durƙusa, ya faɗi wata magana kansa a sunkuye.

"Ɗago kai ka maimaita," in ji Baba. "In ka sunkuya ba na jin ka."